Ranar da Aka Tono Tarihi a Tsakar Gidan Goggo

Ka taɓa ganin mutumin da ya binne tarihi da hannunsa ranar Alhamis, sannan ya gayyato masana su zo su gano shi ranar Asabar? In ba ka taɓa gani ba, gyara zama, domin akwai irinsa a unguwar da ke bayan jami'a.

Na-Sani ake ce masa, saboda ba ka isa ka kai ƙarshen tambaya ba sai ya tare ka da "na sani". Ma'aikacin wucin gadi ne a ofishin da ke kula da masu bincike da ke zuwa jami'ar daga ƙasashen waje. Aikinsa ɗauko jakunkuna daga filin jirgi, saya wa baƙi layin waya, da nuna musu inda ake kunna fanka. Amma in ya dawo unguwa ya zauna a bencin mai aski, sai ka rantse farfesoshin duniya ba sa buga littafi sai ya duba musu.

A gidan goggonsa yake zaune, a wani ɗaki da ke kusa da madafa, wanda kullum take tuna masa cewa na kajinta ne, aro suka ba shi. Saboda haka ranar da Darakta ta ce za a ɗauki jami'i na dindindin mai fita da baƙi yawon ganin gari, kuma har da gida a rukunin ma'aikata, Na-Sani ya ji kamar an kira sunansa ta lasifika.

Darakta mace ce marar yawan magana, mai kallon mutum ta saman tabarau. Ta ce za ta gwada masu nema, kowa ya fita da baƙi sau ɗaya. Wani ya ce zai kai su gidan tarihi, wata ta ce za ta kai su kallon wasan kwaikwayo. Na-Sani ya yi dariyar tausayi.

"Ranki ya daɗe, mutanen nan sun ga gidajen tarihin da suka fi garin nan faɗi. Ki ba ni su yini guda. Zan kai su inda tarihi ke numfashi."

"Ina ke nan?"

"Unguwarmu."

Darakta ta sauke tabarau. "Unguwar da aka yanka filayenta ina ɗaliba?"

"Saman ne sabo, ranki ya daɗe. Ƙasan tsoho ne."

"To," in ji ta. "Asabar. Ni ma zan zo."

Tun a hanyar gida ya gama tsara komai. A ganinsa baƙo baƙo ne: ka nuna masa abu ya ce kai, ya ɗauki hoto, ya shiga mota. Ya fara da tela, ya ce ranar Asabar ya rufe kekensa da zane, ya zauna a ƙasa da allura, ya zama jikan jikan masu ɗinkin hannu. Ya wuce wurin mai aski ya naɗa shi mawaƙin unguwa, magajin waƙoƙin kakanni.

"Ni da ko a banɗaki ba na waƙa?" in ji mai aski.

"Wa zai gane? Ka lumshe ido kawai, ka ja murya. Hotonka zai shiga littafi a ƙasar waje."

Mai aski ya dubi kansa a madubi ya gyara gashin baki. Ya amince.

Babban shirin kuwa na tsakar gida ne. A cikin baƙin akwai wani tsohon Farfesa mai tona ƙasa don neman kayan mutanen da, kuma Na-Sani ya ƙudura zai ba shi abin da zai riƙa ba jikokinsa labari. Ranar Alhamis da la'asar, Goggo na fita kasuwa, ya ari shebur wurin tela, ya sunkuci randar ruwan Goggo, ya zubar da ruwan, ya kwaɗa ta da ƙasa. Ya shafe gutsattsarin da toka da baƙin tukunya, ya haƙa rami a gindin bishiyar lemo, ya zuba su, ya rufe, ya tattake.

Da Goggo ta dawo ta tsaya tana kallon gurbin randar.

"Kai ɗan nan, ina randata?"

"Yoyo take, Goggo. Na kai ta gyara."

"Tun yaushe ake kai randa gyara? Mota ce?"

"Zamani ya canza, Goggo. Akwai masu yi."

"Allah ya sa kai ma su karɓe ka su liƙe," ta ce, ta shige madafa.

Bai damu ba. Ya san ranar Asabar za ta tafi ganin 'yarta a can ƙarshen gari, sai bayan faɗuwar rana za ta dawo. Kafin nan Farfesa ya tono, ya yi kuka don murna, an ɗauki hoto, an share wuri.

Safiyar Asabar ya bayyana a ƙofar masaukin baƙi cikin kwat ɗin aro mai hannu har bisa yatsu, da wata bas da ya ce ta musamman ce. Ta musamman ce kuwa, don ba ta tashi sai da turi. Direban ya leƙo ta taga ya ce a taimaka. Haka farfesoshi da daktoci suka jeru a bayanta, huluna na faɗuwa, Na-Sani na gefe yana ba da umarni.

"Wannan ma yana cikin shirin," ya gaya wa Darakta. "Haɗin kai. A nan garin da shi ake fara komai."

"Kai me ya hana ka haɗa naka kan?" ta ce.

Tasha ta farko shagon tela. Suka same shi zaune a tabarma yana neman kafar allura, ya runtse ido ɗaya, zaren na wucewa ta gefe. Na-Sani ya buɗe baki da Turanci, ya ce gidan nan ba su taɓa sanin inji ba tun kaka da kakanni. Yana jiran walƙiyar kamara, sai ya ga baƙi sun durƙusa, kowa ya zaro alƙalami. Wata ta ce wane irin ɗinki ne wannan, me ake ce masa. Wani ya ce wa ya koya wa kakan. Wani ya juya wata riga da ke rataye, ya bi layin ɗinkin da yatsa, ya ce bai taɓa ganin hannun ɗan Adam ya miƙe haka ba.

"Baiwa ce," in ji Na-Sani.

A daidai nan wani mutum ya kutso yana huci. "Tela, ina wandona? Ka ce minti kaɗan ne a keke." Bai jira amsa ba ya yaye zanen. Ga keke nan yana ƙyalli, da wandon a bakinsa.

"Wannan na baƙo ne," Na-Sani ya yi sauri. "Ajiya aka ba shi. Ko taɓa shi ba ya yi."

"To wa zai ɗinka min wandon?" in ji mutumin.

"Mu je gaba, lokaci na tafiya," in ji Na-Sani, yana kora baƙi kamar awaki.

Mai aski ya shirya tsaf. Ya naɗe kansa da tawul ɗin aiki, ya kifa bokiti a tsakanin ƙafafu. Na-Sani ya ce waƙar da za su ji ta girmi katangar kowane birni. Mai aski ya lumshe ido, ya ja wata murya kamar ƙofar da ta shekara ba mai. Wata Dakta mai nazarin kiɗa, doguwa mai yawan murmushi, ta kafa masa na'urar ɗaukar sauti a gaban hanci. Da ya gama ta yi tafi, sannan ta yi magana cikin harshen gari, wanda ashe ta daɗe tana koyo.

"Baba, a sake maimaita min ita, don in tabbatar da baitocin."

Mai aski ya buɗe ido ɗaya ya nemi Na-Sani. Na-Sani ya gyaɗa kai. Ya sake ja, sai ta fito wata daban. Dakta ta ce a sake. Ta uku ta fi kama da kukan mai ciwon haƙori. A ta huɗu dabara ta ƙare masa, ya faɗa waƙar tallan sabulun da ake sawa a rediyo, matan da ke leƙowa ta katanga suka karɓa masa amshi.

"Baba," in ji Dakta, "kakanninku ma da sabulun suke wanki?"

"Ranki ya daɗe, ni aski nake yi," in ji mai aski. "In akwai mai so a rage masa, kujera na nan."

"Tawali'u ne," Na-Sani ya ce da Darakta. "Manyan mawaƙa haka suke."

Darakta ta dube shi ta saman tabarau. Hakan ya fi tayar masa da hankali, don haka ya tsallake sauran shirin ya nufi gidan Goggo da su. Tela da mai aski suka biyo baya, rabin unguwa na bin su.

A tsakar gida ya tsaya ya dafa bishiyar lemo, ya ce tsofaffi sun ce a nan wata tsohuwar alƙarya ta nutse. Ya ɗan shuri ƙasa da takalmi, kamar bisa tsautsayi, har bakin wani guntun randa ya leƙo.

"A'a, mene ne wannan?" ya ce, ya sunkuya zai zaro.

Farfesa ya cafke masa hannu. Tsoho ne, amma riƙonsa kamar na maƙera.

"Kada ka taɓa. Kowa ya ja baya."

Abin da Na-Sani bai sani ba ke nan: masu tona tarihi ba sa zaro abu. Farfesa ya buɗe jakarsa ya fito da ƙusoshi da igiya, ya zagaye gindin lemo, ya zagaye turmi, ya zagaye ƙofar madafa. Da igiyarsa ta ƙare ya kwance ta shanyar Goggo. Ya raba tsakar gida gida-gida kamar allon dara, ya ba kowane baƙo nasa. Sannan ya kwanta rub da ciki, ya fito da wani buroshi da bai kai na goge haƙori ba, ya fara share ƙasa ƙwaya-ƙwaya.

Na-Sani ya dubi rana, ya dubi buroshin.

"Farfesa, akwai shebur fa."

Farfesa ya kalle shi kamar ya ce a yanka jariri.

"To kamar yaushe za a gama?"

"In ƙasar ta ba da haɗin kai, kafin damina. In ba ta ba da ba, sai mu dawo baɗi. Masu gidan za su ɗan nemi wurin zama."

Kaji suka fito suna tsallake igiya, aka sa wani Dakta mai nazarin taurari ya riƙa kora su. Rana ta take. Farfesa ya share abin da bai fi tafin hannu ba, sai ya tsaya, ya ɗebi ƙasa ya murza, ya shinshina. Fuskarsa ta ɓaci.

"Ƙasar nan sako-sako take. An tona wurin nan kwanan nan."

"Tururuwa ce," in ji Na-Sani.

"Tururuwa mai takalmi? Ga sawu nan. Ɓarayin kayan tarihi sun riga mu. Wannan babban laifi ne, dole a kira hukuma."

"Ɓarayi, ƙwarai kuwa," in ji Na-Sani, don a lokacin ko aljanu aka ce zai karɓa. "Sun dame mu a unguwar nan."

Dakta mai nazarin kiɗa, da yake mace ce mai son taimako, ta juya ta fassara wa jama'a. Unguwa ta ɗauki guna-guni. Wata maƙwabciya ta ce su ba a taɓa yi musu sata ba sai ta takalmi. Tela ya matso gaba, don ya ji an ambaci hukuma, kuma shebur nasa ne.

"Ni dai a cire ni. Ranar Alhamis an ari sheburina, an dawo min da shi da jar ƙasa."

"Wa ya ara?" in ji Dakta.

"Tela, zafin rana ne ke damunka," in ji Na-Sani. "Je ka sha ruwa."

"A ina zan sha? Randar gidan ma ba ta nan."

Mai aski ya ce shi ma ranar ya ji ƙarar fashewar abu, ya ɗauka taya ce. Maƙwabciyar nan kuwa tuni ta koma gefe da waya a kunne, ta kare baki da hannu, amma har bakin titi ana jin ta: "Ki bar abin da kike yi ki taho. Baƙi sun ɗaure gidanki da igiya, suna nema su kai shi ƙasar waje."

Na-Sani ya ji. Ya lissafa abin da ya rage masa, ya ga hanya ɗaya ce: a fito da gutsattsarin yanzu, a yi hoto, a kwashe baƙi kafin Goggo ta iso. Ya hango diga jingine a bayan ɗakin kaji. Ya tuɓe kwat, ya tsallake igiya.

"Farfesa, matsa. A nan garin muna da namu salon binciken."

Farfesa ya yi birgima gefe. Sara na farko ya tashi ƙura. Na biyu ya watso gutsattsari. Na uku ya ce ƙwas.

Bututun ruwan da ke shiga madafa ta gindin lemo ya bi. Ruwa ya yi tsiri sama har ya wuce bishiyar, ya dawo a kan masana. Takardu suka jiƙe, kaji suka haye kan katanga, mai nazarin taurari ya zame ya zauna a cikin turmi. Na-Sani ya danne bututun da ƙafa, ruwan ya bi ta ƙafar wando ya fito ta wuya. Ramin ya cika, toka da baƙin tukunya suka wanke, gutsattsarin randa suka fito jajaye, sababbi fil.

"Maɓuɓɓuga ce," ya faɗa yana tofar da ruwa. "Ita ma tana cikin tarihin. Saboda ita magabata suka zauna a nan."

Sai jama'a suka dare biyu. Goggo ta shigo, mayafi a kafaɗa, takalmi a hannu don sauri. Ta dubi igiyar shanyarta, ta dubi baƙon da ke cikin turminta, ta dubi tafkin da ya zama tsakar gidanta. Ta sunkuya ta ɗauki wani guntu mai zanen layi biyu a wuya, ta juya shi.

"Wannan ne gyaran?"

"Goggo, ki bari baƙi su tafi, zan yi miki bayani."

Farfesa ya matso, ruwa na ɗiga daga gemunsa, ya roƙi Dakta ta tambayi mai gida ko ta san shekarun kayan.

"Gaya masa bara na saye ta," in ji Goggo. "Murfin na nan a madafa in yana so ya haɗa."

Da yake Farfesa mutum ne da ba ya yarda da magana sai ya gwada, ya nemi a kawo murfin. Ya harhaɗa bakin randar a hankali, ya ɗora. Ya zauna daram. Ya gyaɗa kai, ya fara zare ƙusoshinsa.

Goggo kuwa ta juya kan ɗan ɗan'uwanta, ta ɗaure mayafi a ƙugu.

"Kai da ko ƙwan fitila ba ka iya sawa ba sai an riƙe maka kujera an riƙe ka, kai ne mai tono mutanen da? Mai baki kamar rediyon mai shago, ba a kashe ka sai an ɗauke wuta. Na ba ka ɗakin kaji, kajin suna ba ni ƙwai, kai me ka taɓa ba ni ban da labari? Ubanka ya yi ƙarya a zamaninsa, amma shi a zaune yake yin ta, bai taɓa haɗawa da diga ba."

Haka ta yi ta jero su ba ta maimaita ko ɗaya ba, mata na guɗa a kan katanga, mai aski na buga bokiti. Dakta ta lallaɓo da na'urarta, idonta na ƙyalli.

"Mama, wannan ne abin da na zo nema. Za a iya sake min daga farko?"

"'Yar nan, ki zo kullum da safe. Yanzu na fara."

Na-Sani ya lallaɓa wurin Darakta, wadda ita kaɗai ce ba ta jiƙe ba, don tun da ya ɗauki diga ta koma zaure.

"Ranki ya daɗe, kin dai ga yadda baƙi suka saki jiki da jama'a. Ba kowane jami'i ne zai iya haɗa wannan ba."

"Gaskiya ne," in ji ta. "Ba kowa ba."

"To maganar gidan ma'aikata fa?"

"Ka zauna inda kake, naka aikin bai ƙare a nan ba. Ranar Litinin ka aiko da makullin ofis. Aikowa na ce."

Baƙi suka fita a jere suna matse riguna. Goggo ta sa tela ya ɗauko shebur, ta karɓa ta dangwara wa Na-Sani a ƙirji, ta ce ba zai kwana a ɗaki ba sai tsakar gidanta ya koma yadda ta bar shi. Ya karɓa, ya dubi taɓon, ya dubi jama'a, ya ce dama ya san hanyar cike rami ta zamani wadda ba ta ɗaukar lokaci. Saran farko da ya kai ya sami bututun gidan maƙwabta.

Saboda haka, mai karatu, in kana da shebur, ko ka san mai gyaran famfo mai haƙuri, don Allah ka biyo ta bayan jami'a ka tambayi gidan da ruwa ke fitowa ta zaure. Ka zo da wuri, kuma duk abin da Na-Sani zai gaya maka, kada ka miƙa masa diga.